Sawu a Kan Gishiri

"Luba! Fito nan!"

Ko sallama Yaya Abdulghaffar bai yi ba. Ya banko ƙofar gidan har sai da tantabarun da ke kan rufi suka watse. Luba tana tsugune gaban murhu tana soya kifi, ta miƙe zumbur. Shekaranjiya ya tafi kamun shaho, kuma in ya tafi ba a sake ganinsa a unguwarsu ta Mahjar, cikin Jidda, sai kaka ta ƙare. Ga shi yau tsaye a tsakar gida, ƙafafunsa fari fat da gishiri, idanunsa jajir.

"Yaya... lafiya?"

"Wa kika faɗa wa wurin Baba?"

Cokalin ya suɓuce daga hannunta.

"Na ce wa kika faɗa wa!"

Umma A'i ta fito daga ɗaki tana jan mayafi. "Kai Abdulghaffar, aib, abin kunya! Maƙwabta na ji."

"Su ji, Umma! Ai mu ne na ƙarshen ji. Na isa rijiyar na tarar da Hamad a zaune. Hamad fa! Ya haƙa raminsa daidai inda Baba yake haƙa nasa, ya ɗora shayi, har yana ce min in zauna in sha."

"Innalillahi..." in ji Umma, ta dafa bango.

"Na ce wa ya nuna maka nan? Ya yi dariya, ya ce surukina na gobe. Wai Rafi'u ne ya shigo da shi a mota har bakin ruwa, shi kuma zai nema wa Rafi'u sabon kafili, ubangidan da zai tsaya masa, a gyara masa iƙama, takardarsa ta zama ƙasa."

"Ƙarya ne!" Luba ba ta san sanda muryarta ta fita ba. "Wallahi ƙarya ne, Rafi'u ba zai..."

"Ke kika faɗa masa wurin ko ba ke ba?"

Kifi na ƙonewa a kasko, ba wanda ya waiwaya.

"Ni ce, Yaya."

Bai dake ta ba. Da ma ya dake ta, da ya fi mata sauƙi. Ya shiga ɗakin Umma ya jawo akwatin kayan sa rana, wanda dangin Rafi'u suka kawo da guɗa da turare, ya dire shi a bakin ƙofa.

"A mayar musu. Halas, magana ta ƙare. Muddin ni ne waliyyinki, ba za ki shiga gidan maci amana ba."

* * *

Wanda bai san gidan marigayi Malam Saleh ba zai ce, a kan rijiya ake wannan tashin hankali? To, tsaya ka ji.

Malam Saleh yana saurayi ya taso daga ƙasar Hausa da ƙafa, shi da mahaifiyarsa, za su hajji. A Sawakin, bakin tekun Sudan, suka shiga jirgin katako. Mai jirgin mugu ne, ya sauke su a wani bakin teku can kudu da Jidda, ya nuna musu tudun yashi ya ce ga Makka nan a baya. Ba gari, ba ruwa, sai sabkha, filin gishirin nan da samansa ɓawo ne ƙasansa laka. Tsohuwa ta kasa tafiya, Saleh ya goya ta da rawaninsa. Ƙishirwa ta kusa gamawa da su sai ya hangi tsuntsaye suna sauka wuri guda, ya bi su, ya tarar da 'yar rijiya mai ruwan zartsi, amma yana shayuwa.

Da ya zauna a Jidda, wurin nan shi ya zama abincinsa. Duk kaka tsuntsaye na gangarowa daga arewa za su tsallaka teku zuwa Sudan, sai sun sauka nan sun sha, shaho kuma yana biye da su. Saleh ya haƙa kukh, ramin ɓuyan da ake rufewa da kirare, ya saki tantabara da zarge a bayanta. Shahon kaka ɗaya shi ke riƙe gida har shekara ta zagayo, don manyan Larabawa ba sa neman ragi a kan shaho mai kyau.

Al'adar masu kamun kuwa kowa ya san ta. Wanda ya riga haƙa kukh a wuri, wurin nasa ne har kaka ta fita, ba mai tashinsa. Shi ya sa ba a faɗar wuri ko ga amini. Ba a kuma shiga da mota, don sabkha ba ta mantuwa, duk abin da ya taka ta sai ta riƙe sawunsa wata da watanni. Bayan Abdulghaffar, Luba kaɗai ta san hanyar, don ita ce 'yar lelen Baba, tana ƙarama yakan saɓa ta a kafaɗa su tafi.

Sai Rafi'u ya shigo rayuwarta.

Bahaushen Sudan ne, daga Mai Wurno, direban wani ɗan kasuwar yadi a Balad, tsohuwar kasuwar Jidda. Hajji ya kawo su shi da mahaifiyarsa Hajiya Turai, ciwon ƙirji ya kwantar da ita, suka zauna. Luba kan kai wa tsohuwar kunu saboda maƙwabtaka, kunu ya zama gaisuwa ta bayan labule, gaisuwa ta zama abin da ke hana ta cin abinci. Kafin Rafi'u, Hamad ya nema. Shi ma mai kamun shaho ne, gidansu na layin baya. Luba ta ce ba ta so, Yaya kuma bai matsa mata ba. Hamad ya yi murmushi ya ce ba komai. Hmm! Ba komai ɗin nan ne ya zama komai.

Ranar da abin ya faro, Luba na zaune bakin gadon Hajiya Turai tana yi mata fifita.

"'Yata, kukan me na ji a sama da sassafe? Kamar rahu."

"Su ne, Inna. Gaurakin kaka. Sun fara wucewa."

Tsohuwa ta yunƙura kamar za ta tashi. "Ashe ta nan suke bi su je mana? A Mai Wurno in suka sauka a gonakin dawa mun san girbi ya zo. Muna yara mu bi su da gudu..." Tari ya sarƙe ta. Da ya lafa ta ce, "Ina ma in gan su da idona ko sau ɗaya. In ba su sallahu."

Daga bayan labule Rafi'u ya yi gyaran murya.

"Luba, kafilina ya bar min mota Alhamis da Juma'a. Ke 'yar mai tsuntsaye ce. Ina zan kai ta?"

Kai, ranar bakin Luba ya buɗe! Ta gyara zama.

"In kana son kusa, Abhur, ta arewa. Inda teku ya shigo cikin ƙasa kamar kogi. Akwai zalɓe, akwai shahon ruwa mai tsunduma ya ɗauko kifi. Amma kada ka je Juma'a, masu shan iska sun yi yawa, sai su kore su."

"Tayyib. Sai ina?"

"Ta kudu, in ka wuce Khumra. Ruwan wurin ko gwiwa bai kai ba. Nan nuham suke tsayawa, masu dogayen ƙafafun nan da jan fiffike, sai ka ce an baza zannuwan amare. Ku je da sassafe rana na bayanku. In ta juya ta koma kan teku, ba abin da za ku gani sai ƙyalli."

"Da sassafe. Na riƙe."

"In da sauran ƙarfi, Shu'aiba. Akwai itatuwan da ke tsirowa cikin ruwan gishiri, kwasakwasa na kwana a wurin. Kuma don Allah ka cire farar rigar nan taka, tun daga nesa za su hango ka. Ka ɗauki ruwa da yawa. Kada ka buga ƙofar mota."

Ya yi dariya ƙasa-ƙasa. "Ya galbi, zuciyata, ke ai malamar makaranta ya kamata ki zama."

"Kai dai ka riƙe."

"Rahu fa? A wanne a ciki?"

Fifitar ta tsaya a hannunta.

"Ba sa sauka a ko ɗaya. Ta sama suke wucewa, can ƙololuwa."

"Idonta ba ya kaiwa can, Luba."

"Na sani."

"To a ina suke sauka?"

"Kada ka tambaye ni wannan, Rafi'u."

Ya san sana'ar gidansu, ya gane.

"Ma'alesh, yi haƙuri. Ban tambaya ba."

Da ya nace, wallahi da ba ta faɗa ba. Amma bai nace ba. Hajiya Turai kuma ta juya fuskarta bango ta ce, "Ku bar shi, yara. Jin kukansu ma ya isa." Luba ta dubi bayan tsohuwar, ƙasusuwan kafaɗa sun fito ta cikin riga. Ta san wannan kakar ce ta ƙarshe, kowa ya sani.

Ta matso jikin labule, ta rage murya.

"Kafin ka kai Shu'aiba akwai bukkokin masunta a bakin hanya. Nan za ka bar mota. Ka nemi aron jaki wajensu, ka ce yawo za ku, ka ɗora Inna. Ka bi gefen sabkha, teku na hannun damanka, har ka ga tudun yashi mai kai biyu. Bayansa ne. Ku isa kafin la'asar, lokacin suke sauka."

"Luba..."

"Kada taya ta taka gishirin nan. Ko taku ɗaya. Abincin gidanmu ne, Rafi'u. Yaya bai tafi ba tukuna, ramin ba kowa."

"Na rantse da Wanda raina ke hannunSa, mota ba za ta shiga ba, bakina kuma ba zai faɗa ba."

Suka tafi, suka dawo. Hajiya Turai ta dawo a galabaice, da ƙyar take iya magana. Luba ba ta samu ganin Rafi'u ba, sai ga Yaya da gishiri a ƙafa.

* * *

Washegarin mayar da akwati, Sauda ƙanwar Hamad ta shigo wai aron turmi. Turmi! Gidan da suke da biyu.

"Wayyo Luba, na ji abin da ya faru. Wallahi har na yi miki kuka."

"Na gode."

"Maza kenan. Ke kin ba shi zuciya, shi iƙama ce a gabansa. Kin san kafilinsa zai rufe shago ya koma Makka? In bai samu wani ba, jirgi za a saka shi a mayar da shi Sudan. Ya'ni, ni ban ga laifinsa sosai ba."

"Rafi'u bai kai kowa ba. Da jaki suka shiga."

Sauda ta riƙe haɓa. "Wane jaki? Masuntan nan ai sun tashi tun bara, bukkoki ne kawai. Yayana ya ce ko kare babu. To ke ki yi tunani mana, habibti. Tsohuwar da ko bayi sai an riƙe ta, ita ce za ta taka sabkha da ƙafa? In ba a mota ba, a me ta je?"

Ta ɗauki turmin ta fita tana karkaɗa awarwaro.

Luba ta zauna daɓas a ƙasa. Maganar Yaya ba ta girgiza ta ba, amma wannan ta shige ta har ƙashi. Babu jaki. Kuma Inna ta je, don Luba ta ga yashin wurin a zaninta. A me ta je?

Da la'asar aka ƙwanƙwasa ƙofa a hankali. Ta san bugun. Ta tsaya a bayan ƙyauren ba ta buɗe ba.

"Luba, ni ne."

"Yaya ba ya nan. In ya same ka..."

"Ni na same shi. Na je wajensa a gidan gahawa, ya tashi ya bar min wurin. Ba don shi na zo ba. Lubana, ki ce min ke ba ki yarda da maganar nan ba."

Ta jingina goshinta da ƙyauren.

"Ka samu jaki?"

"Ban samu ba. Ba kowa a bukkokin."

"To a me Inna ta shiga?"

Ta ji numfashinsa ta tsagar ƙofa.

"Tambayata kike yi, Luba?"

"Ka faɗa min kawai! An ce kafilinka zai tafi. An ce iƙamarka..."

"Gaskiya ne, zai tafi. Don haka sai in sayar da ke?"

"Ban ce ba!"

"Kin ce. Na rantse miki da Allah, yau kuma kina neman hujja." Muryarsa ta karye. "Inna ta daina karɓar ko ruwa. Sunanki take kira. Na zo in faɗa miki ne, amma halas. Ki zauna lafiya."

"Rafi'u! Rafi'u, tsaya..."

Ta buɗe ƙofar, ya riga ya sha kwana. Ta koma ciki ta kifa kanta a cinyar Umma ta yi kuka kamar ranar da aka fita da Baba. Tana son sa, tana zargin sa, kuma ta tsani kanta a kan duka biyun.

Da Yaya ya dawo daga sallar magariba, ta tare shi a tsakar gida. Idanunta sun kumbura.

"Yaya, kai ne kake karanta sawun ƙadangare a kan gishiri ka faɗi ko ya ƙoshi."

"Matsa min."

"Ka karanta na Rafi'u?"

"Na ga tayar mota ta keta sabkha har rijiya. Me kuma zan karanta?"

"Ta bakin teku ka shiga, yadda ka saba. Ba ka bi ta bukkoki ba. Ka kai ni mu duba. In motarsa ce, na rantse ba zan ƙara ambatar sunansa ba, ka aurar da ni ga wanda ka ga dama."

"Ba inda za ki."

"Ka kai ta," in ji Umma daga bakin ɗaki. "Ubanku bai taɓa yanke wa mutum hukunci da bakin abokin gabarsa ba. Ka kai ta, ko ni in kai ta."

* * *

Da gari ya waye suka hau motar kifi mai zuwa kudu, Luba a lulluɓe a gefen yayanta.

Bukkokin na nan, ba kowa, iska na kaɗa tsummokaran raga. Yaya ya zagaya yana kallon ƙasa. A bayan bukka ta ƙarshe ya tsaya.

"Nan ƙaramar mota ta tsaya. Ta ɗiga mai." Ya bi da ido. "Nan kuma ta juya ta koma hanya."

"Ba ta shiga ba?"

Ya taka zuwa bakin sabkha. Ga tayoyin wata mota nan, masu faɗi, irin na wanet, motar ɗaukar kaya, sun farke gishiri sun miƙe ciki. Duk Mahjar ta san Hamad ne ke da wanet. A gefensu kuma ga sawun mutum.

Sawun mutum ɗaya.

Yaya ya tsuguna. Ya daɗe a tsugune. Sai ya miƙe ya taka gishirin a gefen sawun, ya ɗaga ƙafarsa ya duba. Nasa ɓawon kawai ya fasa. Wancan kuwa ya nutse har idon sawu.

"Rafi'u bai kai ni nauyi ba," ya ce, kamar da kansa yake magana.

Luba ta toshe bakinta da mayafi.

Suka bi sawun. Rana ta ɗaga, gishiri na ƙona ido. Takun gajeru ne, ƙafafun a wawware, irin na mai ɗauke da kaya a baya. Can gaba suka ga inda takalmi ɗaya ya maƙale a laka, mai shi ya bar shi ya ci gaba da ƙafa ɗaya tsirara. Gaba kaɗan ɓawon gishiri ya yanke shi, kowane taku da ɗigon baƙi a ciki. Sai inda ya durƙusa, ga gurbin gwiwoyi biyu da tafin hannu ɗaya. Ɗayan hannun bai taɓa ƙasa ba.

"Yana tallafe da ita," in ji Yaya. Muryarsa ta canza. "Ko da ya faɗi bai sake ta ba."

Luba na tafe tana kuka ba sauti. Wannan ne mutumin da ta tambaya a me Inna ta shiga.

Wajen rabin hanya sawun dawowa ya haɗu da na zuwa, shi ma a nutse. Yaya ya nuna mata da yatsa. Tayar wanet ta bi ta kan na zuwa, ta bi ta kan na dawowa, ta murƙushe su duka.

"Kin gani? Sai da ya je ya dawo ya tafi gida sannan wanet ta shigo. Bin sa aka yi daga nesa, aka ga inda ya tsaya. Sauran kuma sawun ya nuna musu."

Bayan tudu mai kai biyu, ga rijiyar Baba. Tsuntsaye ƙalilan ne, ƙarar mota ta kore sauran. Hamad ya leƙo daga kukh, ya gan su, ya fito yana murmushi.

"Ahlan! Har da amarya?"

"Ka ce Rafi'u ya shigo da kai a mota," in ji Yaya.

"Haka na ce."

"Tayarka na kan sawunsa na dawowa, Hamad."

Murmushin ya ɗan dushe, sannan ya ɗaga kafaɗa. "Tsohuwar ce ta faɗa wa Sauda za su ganin rahu, wai Luba ta yi musu kwatance. Laifina ne don ina da ido? Ko ma yaya ne, ni na riga haƙa. Ka san al'ada."

"Na sani. Wurin naka ne har kaka ta fita." Yaya ya dube shi sama da ƙasa. "Amma duk gidan gahawar da masu shaho ke zama a Jidda zai ji yadda ka same shi."

Luba ba ta ko kalli Hamad ba. Tana tsaye gindin tudu, inda yashi ya nuna gurbin tabarma. A gefensa ga ɗan ƙaramin tafin hannu, siririn yatsu, inda tsohuwa ta dogara ta tashi zaune.

Yaya ya zo ya tsaya a bayanta.

"Haka Baba ya shigo wurin nan," ya ce. Ya juya da sauri yana goge fuska da hannun riga. "Yalla. Mu koma."

* * *

Ana idar da la'asar suka sauka a Mahjar. Tun daga bakin layi Luba ta ji salati, ta ga maza sun cika ƙofar gidan su Rafi'u. Ta jingina da bangon wani gida.

An fito da makara.

Rafi'u na gaba, ya sa kafaɗa, yana ɗingishi. Ƙafarsa ta hagu a naɗe da tsumma. Jiya yana tsaye a ƙofarta da wannan ƙafar, ita kuma ba ta buɗe ta gani ba.

Yaya ya ratsa mutane, gishiri har gwiwa, ya isa gaban makarar. Rafi'u ya ɗago ya gan shi, fuskarsa ta ɗaure. Mutane suka zuba ido, don kowa ya san an mayar da akwati.

"Ka ɗauke ta kai kaɗai a sabkha," in ji Yaya. "Yau ka bar mana."

Ya zura kafaɗarsa ƙarƙashin itacen. Rafi'u ya tsaya kamar bai ji ba, sannan ya saki, ya rufe fuskarsa da hannu biyu. Aka wuce da Hajiya Turai.

Bayan an share makoki, Yaya da kansa ya ɗauko akwatin a ka ya dawo da shi ɗakin Umma. Kakar ta tafi masa a banza, ya shiga dako a tashar jiragen ruwa, yana dawowa da kafaɗa a saɓule. Wurin Baba kuma ya riga ya fita, baɗi ko ya riga kowa haƙawa zai tarar da maƙwabta. Bai ƙara tayar da maganar ba, amma Luba takan gan shi zaune gaban kejin tantabaru ya yi tagumi, ta san abin da ta jawo masa. Iƙamar Rafi'u ma tana nan tana lilo, Yaya na ta bin shagunan Balad yana nema masa kafili. An dai sa ranar ɗaurin aure.

Da yammar da aka sa ranar, aka bar su su gaisa a soro, labule a tsakani.

"Ka yafe min," in ji Luba. "Na tambaye ka abin da bai kamata ba."

"Ya wuce."

"Bai wuce ba. Tana kiran sunana ban zo ba. Me ya hana ka ce min goya ta ka yi?"

"Uwata ce, Luba. Ba abin faɗa ba ne."

Ta yi kuka, ya bar ta ta yi. Da ta lafa ya matso jikin labulen.

"Ba don ki zo ki yi mata kunu take kiran ki ba, ya galbi. Saƙo ta bari."

"Me ta ce?"

"Muna isa na shimfiɗa ta, sai ga su. Luba, ban taɓa ganin abu haka ba. Suka yi ta sauka, suka cika bakin ruwan, wasu kusa da mu kamar daga nan zuwa ƙofa. Ta tashi zaune da kanta, ita da ba ta iya juyi. Ta yi ta yi musu magana, tana lissafa mutanen Mai Wurno ɗaya bayan ɗaya, wai su gaishe su. Har da waɗanda suka daɗe da mutuwa."

Luba ta damƙe gefen labulen.

"A hanyar dawowa tana bayana ta ce, in ban samu ganin yarinyar nan ba, ka ce mata na gan su."

Ya sassauta murya.

"Ta gan su, Luba."